Giɓin Fiffike

Gwaggo muke ce mata, kuma ni na raɗa mata sunan. Laftof ce baƙa, mai nauyi kamar dutsen guga, amma halinta na tsohuwar da ta san ana buƙatarta ne. Ba a tashinta da garaje. Sai an ɗora ta a kan murafen kwalba huɗu don cikinta ya sha iska, a jingina bayan murfinta da gwangwanin maɓallai saboda wuyanta ya karye tun tuni, a cusa caja a ɗan karkata shi hagu, sannan a maƙale wayar a gefen tebur da maƙalin shanya. Batirinta ya daɗe da rasuwa. Wayar nan ta motsa ko kaɗan, Gwaggo ta ɗauke kamar an hure fitila. Bayan duk wannan hidimar sai a danna a jira. Fankarta ta yi tari, ta yi gyaran murya, sannan ta buɗe ido, da wani koren layi tsaye a gefen fuskarta wanda ba ya zuwa ko'ina.

Duk wanda ya shigo shagona sai ya tsoma baki. "Anti, ki jefar da wannan abin mana, ki sayi sabuwa." Ni kuwa sai in ce ya fara jefar da kakarsa, ni ma in bi sahu. Ba su san ita ce shagon ba.

Sana'ata ɗinkin bajo ce, irin wanda ake liƙawa a aljihun rigar 'yan makaranta. Ina da injin zare mai allurai da yawa, tsoho shi ma, kuma ba ya jin maganar kowa sai ta Gwaggo. Tare na saye su. Manhajar da ke juya shi a cikinta take, kamfanin da ya ƙera su ya rufe, wayar injin kuma mai faɗin baki ce da ƙananan haƙora, sababbin laftof ba su da ramin da za ta shiga. Mai gyaran da ke bakin kasuwa ya taɓa kwashe manhajar ya zuba a wata sabuwa fil, ya haɗa da wasu wayoyi, injin ya yi mirsisi kamar ba da shi ake ba. Tun daga ranar na san matsayina: idan Gwaggo ta mutu, injin ya zama ƙarfe, ni kuma na koma facin wando.

Babban aikina bajon makarantar da 'yata take, tantabara ce ta buɗe fukafukai a kan littafi. Kai da jiki da fiffiken dama duk lafiya lau ake wuce su. A fiffiken hagu rigimar take. Zaren wurin a cunkushe yake, kafin a kai can Gwaggo ta yi zafi, idan aka bar ta sai ta sume na ɗan lokaci, injin ya tsallake layi biyu ya ci gaba abinsa. Sai ka ga fiffike da giɓi a tsakiya kamar bakin yaro mai famfara. Ni da kunne nake kama ta. Fankar tana da wata murya da take canzawa, daga gurnani ta koma siririn kuka. Ina jin haka sai in tsayar da injin, in ɗaga bayanta, in yi mata fifita da kwali, in kurɓi shayina, sannan mu ci gaba. Tunda na gane wannan, bajo mai giɓi bai sake fita daga shagona ba.

Ba ni kaɗai nake shagon ba, akwai Auta, ƙanina. Auta dai sunan ne ya bi shi, amma magidanci ne da gemunsa da 'ya'yansa biyu. Ni na goya shi. Lokacin da Inna take fita aiki, a bayana ya yi fitsarinsa, a bayana ya yi haƙori. Da ya gama karatu ya rasa abin yi na jawo shi, shi ke ɗaure yadi a firam, ya yanke zaren da ya yi saura, ya kai kaya makarantu a babur. Shagon ɗakin gaban gidanmu ne, bango ɗaya ya raba shi da ɗakina, Inna kuma tana wurina tunda ƙafa ta fara ba ta wahala. Kullum da rana sai ta leƙo ta ce, "Ku biyun nan, ku da wannan tsohuwar taku, ba za ku ci abinci ba ne?"

Sai ido ya fara ba ni matsala. Da farko na ɗauka fuskar Gwaggo ce ta ƙara dushewa, har na yi ta goge ta da gefen mayafi ina zaginta. Ashe yanar ido ce ta rufe mini gani. Likita ya ce sai aiki, ɗaya bayan ɗaya, kuma bayan aikin ba sunkuyo, ba ƙura, ba kallon allo har sai ya ce. Maigidana direban babbar mota ne, yana hanya fiye da yadda yake gida, don haka na kira Auta na damƙa masa shagon. Na nuna masa murafen, na nuna masa maƙalin. Na fara yi masa bayanin fiffiken hagu ya katse ni.

"Yaya, kullum fa ina nan ina gani. Ki je a gyara miki ido kawai."

Ina kwance da bandeji a fuska, ta bango nake bin aikin. Ina jin tarin Gwaggo da safe, ina jin injin ya kama. Kwana kaɗan haka, sai wata safiya na ji shiru. Har rana ta take shiru. Can sai ga Auta ya shigo ya durƙusa a bakin gado, muryarsa a ƙasa kamar mai kawo saƙon rasuwa.

"Yaya, Gwaggo ta ƙi tashi."

Na ce ya karkata cajar. Ya ce ya karkata. Na ce ya cire ya hura ramin. Ya ce ya hura. Na yunƙura zan tashi, Inna ta danne mini kafaɗa ta ce so nake in makance a kan ƙarfe? Auta ya ce zai kai ta wurin mai gyara, ba na bakin kasuwa ba, wani gwani da ya sani a can cikin gari. Da yamma ya dawo hannu rabbana. Ya ce an buɗe ta a gabansa, bod ɗinta, wato babban allon cikinta, ya ƙone ƙurmus, har wari yake. Ya ce gwanin ya ce ko a ƙasar da aka ƙera ta ba za a tashe ta ba.

Na ce, "To ina gawar?"

Ya ce, "Yaya, me za ki yi da ita? A warwatse take. Na bar masa ya cire abin da zai cira."

Likita ya hana ni kuka, wai hawaye ba ya yi wa aikin kyau. Na yi abina duk da haka, a hankali, fuskata a bango. Kada wani ya ce mini don laftof. Da ita na biya wa 'yata makaranta, da ita na rufa wa kaina asiri shekara da shekaru, na san numfashinta fiye da yadda na san na mijina. Auta ya zauna yana ba ni haƙuri, har da riƙe mini hannu.

Maganar injin ta biyo baya. Auta ya ce barinsa a ajiye asara ce, tsatsa za ta cinye shi, gara a sayar tun yana da sauran daraja. Ya ce ya samo wani mai sayen tsofaffin injuna yana farke su. Abin da mutumin ya bayar ko kuɗin allurai da zaren da na zuba wa injin bai kai ba, amma ido na biyu yana jiran aiki, ga magani. Na amsa. Ranar da suka zo ɗauka na sa Inna ta riƙe ni zuwa ƙofar shagon, na shafa kan injin da hannu tunda ba na gani sosai. Ina ji Auta yana ce wa masu ɗauka, "A hankali, a hankali, kada ku buga kan alluran." Har na ji daɗi a raina, na ce yaron nan ya san darajar abu, ko da za a farke shi ba ya so a wulaƙanta shi. Kai, ni ma dai akwai ni.

Ya ce ya zagaya makarantun ya gaya musu mun daina. Kunya ta hana ni kiran kowa. Bayan 'yan makonni ya zo ya ce ya samu aiki a wani shagon ɗinki a ƙetaren gari. Na sa masa albarka, na ce Allah ya sa ya fi nan. Na ma ba shi almakashina mai kyau, na ce ma'aikaci ba ya zuwa wurin aiki hannu sake.

Idanuna suka warke tas. Na fara ganin abubuwan da na manta da su, har tsagar da ke jikin silin. Na jawo tsohon keken ɗinkina na ƙafa na ajiye a inda injin yake, na koma rage tsawon wando da canza zif. Teburin Gwaggo yana nan yadda yake. Murafen kwalbar huɗu na zuba su a gwangwanin maɓallai, na kasa zubarwa. Wani lokaci ina cikin taka keke sai in ji kamar fanka ta canza murya, in ɗaga ƙafa in saurara, sannan in tuna.

Ana haka aka koma makaranta. 'Yata ta yi tsawo, rigarta ta ɗage, na ba ta kuɗi ta sayo sabuwa a kantin makarantar. Ta dawo ta sa tana juyi a gabana.

"Mama, ta yi mini?"

Ban ga rigar ba. Aljihun na gani. Na ce ta matso. Na kama aljihun da yatsu biyu na kai shi bakin taga. Tantabarata ce, wadda na zana da hannuna, da ɗan karkacewar bakinta da ban taɓa gyarawa ba. Wannan bai dame ni ba, kowa zai iya kwaikwayon zane. Amma a fiffiken hagu, a tsakiya, layi biyu babu. Giɓi.

Na juya aljihun na duba bayansa. Na sa ta koma kantin da ƙawarta ta dubo mini sauran rigunan, ta dawo ta ce kusan duka haka suke, wasu ma an cike wurin da farin alƙalami. Na zauna a kan kujerar keke. Sabon inji ba ya wannan giɓin. Wani tsohon injin ma ba zai yi shi a daidai wannan wurin ba. Abu ɗaya ne a duniya yake suma a fiffiken hagu, kuma an ce mini ya ƙone har yana wari.

Na ɗauki rigar na shiga wurin Inna. Tana zaune tana shafa man zafi a gwiwa. Na shimfiɗa mata aljihun a cinya na ce, "Inna, Gwaggo tana da rai."

Na jira ta ce wace Gwaggo, ko ta ce ta yaya. Ba ta ce ba. Ko kallon bajon ba ta yi ba. Ta ci gaba da murza gwiwarta, ta rufe kwalbar man, ta ɗaure ta a leda.

Na ce, "Kin sani."

Ta ce, "Ke kina da miji. Shi fa? 'Ya'ya biyu, ga haya. Kuma lokacin wa ya san idon zai dawo?"

"Da kika danne ni a gado, kin sani?"

"Ban san zai yi haka da sauri ba. Ya ce idan ya tsaya da ƙafarsa zai zo ya yi miki bayani." Ta ɗago ta dube ni. "Ɗan'uwanki ne. Abin bai fita daga gida ba."

Na ce ya fita, Inna, da idona ɗaya na ga an fitar da shi ta ƙofa. Na tashi na fita, don abin da ke bakina ba na faɗa wa uwa ba ne. Abin da ya fi ƙona ni, hannun da ta danne ni da shi ranar nan, na ɗauka tausayi ne.

Washegari da safe na je makarantar. Matar da ke kula da kantin ta rungume ni tana murna. "Anti, ido ya yi kyau. Ai ƙaninki ya ce kin ajiye aiki kin bar masa komai. Amma don Allah ki yi masa magana, aikinsa bai kai naki ba, iyaye suna ƙorafi." Na yi murmushi har haƙorana suka yi ciwo. Na ce ai shi ya sa na fito, sai dai ban taɓa zuwa sabon shagon ba. Ta kwatanta mini: bayan tashar mota, layin masu facin taya, saman wani ɗakin ɗaukar hoto.

Kafin in hau mota na koma gida na ɗauki babbar jakata, wadda nake zuwa sayen zare da ita.

Tun daga ƙasan matakala na ji shi. Duk hayaniyar tasha, duk bugun masu taya, sai da kunnena ya tsamo ƙarar injina, da ɗan tsallen da yake yi idan zai canza zare. Na hau a hankali ina riƙe da ƙarfen gefe. Ƙofar a buɗe take. Ɗakin ƙarami ne, an yi masa sabon fenti, an rataya allon suna da ba nawa ba. Ga injin a tsakiya, an goge shi yana sheƙi. Ga almakashina a rataye a ƙusa. A kan wani tebur na roba kuma ga Gwaggo, da koren layinta, an jingina ta da bulo. A kan tebur ɗin ƙasa-ƙasa aka ajiye ta, babu komai a ƙarƙashinta, an naɗe bakin cajar da salatif kamar ƙafar da ta karye.

Auta ya ba ni baya yana ɗaure yadi a firam. Bai ji shigowata ba.

Na shirya maganganu a mota, masu zafi, na jera su. Amma ina tsaye a ƙofar sai fankar ta canza murya. Siririn kukan nan. Na kalli injin, allura ta gama jiki ta shiga fiffiken hagu. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Sai ganina na yi na tsallaka ɗakin, na danna tsayawa, na ɗaga bayanta da hannun hagu, na fizgi wani kwali a ƙasa ina yi mata fifita. Cikinta kamar murhu, har ya ƙona mini yatsu.

Auta ya juyo. Firam ɗin ya faɗi daga hannunsa ya gangara ƙarƙashin tebur.

"Yaya."

Na ci gaba da fifita har kukan ya sauka ya koma gurnani. Na saki injin. Muka tsaya mu biyu muna kallon allura tana cika fiffiken layi bayan layi, har ta kai ƙarshe ba ta tsallake ko ɗaya ba. Injin ya yanke zare ya yi shiru.

Abin da ya fara fitowa daga bakin ɗan'uwana, bayan duk abin da ya yi, shi ne, "Dama haka ake yi?"

Na ce, "Kullum fa kana nan kana gani."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya fara, da sauri, kamar wanda ya daɗe yana maimaitawa. Wai ba da mugun nufi ba ne. Wai likita da kansa bai ba da tabbaci ba, shi kuma ya ga idan ya zauna jira makarantun za su koma wani wuri, kowa ya rasa. Wai mai sayen injin abokinsa ne, kuɗin ma shi Autan ne ya haɗa, don haka ba sata ba ce, saye ya yi. Can sai muryarsa ta tashi.

"Shekara nawa ina yanke miki zare, Yaya? Da gemuna, da 'ya'yana, ana ce mini yaron shago. Ko taɓa ta ba kya bari in yi. Idan na ce a kawo sabon zane ki ce in je in kai kaya. Da na roƙe ki ki bar mini, za ki bari?"

Na ce, "Ba ka roƙa ba balle ka sani. Ka zo bakin gadona ka riƙe mini hannu ina kuka. Wannan wane zane ne?"

A ƙasa wani yana buga taya da guduma. Na lura ya rame, idanunsa sun faɗa, ga tarin bajo a kwali a gefe waɗanda aka dawo masa da su, kowanne da giɓinsa. Zuciyata ta so ta yi laushi, na hana ta.

Sai ya matso, ya sassauta murya, irin muryar da yake yi tun yana yaro idan yana son in ba shi abin da ke hannuna.

"Yaya, abin da ya wuce ya wuce. Kin ga dai yadda take yi mini. Kullum sai ta mutu sau uku, sau huɗu. Makarantar 'yarki ta ce idan na sake kai mai giɓi sun bar ni. Ke kaɗai take ji. Ki dawo mana. Ki zauna kusa da ita kawai, ba sai kin yi komai ba, ni zan riƙa kula da sauran. Duk wata zan ba ki wani abu mai kyau."

Na dube shi da sababbin idanuna, tas nake ganinsa, har tabon da ke goshinsa na ranar da ya faɗo daga bayana ina tsallaka kwata. Yau shi ne yake ɗaukata aiki. In zauna a shagonsa, gaban injina, in riƙa yi wa laftof ɗina fifita, a biya ni a ƙarshen wata.

Na juya wurin Gwaggo. Na rufe aikin da ke kai yadda ya kamata, na kashe ta ta hanyar da take so, na jira fankar ta tsaya da kanta. Na kwance wayar injin, haƙoran nan ƙanana, na ajiye masa a kan tebur tunda ta injin ce, shi kuma ya ce ya saya. Na warware salatif ɗin daga bakin caja. Na tallafi wuyanta na rufe murfin a hankali.

"Yaya, me kike yi?"

Na buɗe jakata.

"Yaya, don Allah. Idan kika tafi da ita injin nan ba shi da amfani. Ke ma ba ta da amfani a wurinki, ba ki da inji. Duka za mu rasa. Makarantu suna jirana." Ya sha gabana, ya tsaya tsakanina da ƙofa, hannayensa a buɗe. "Ki tsaya mu yi magana."

Na ce, "Injin ka saya, ga shi nan. Wannan kuwa kai da bakinka ka ce ta mutu. Na tambaye ka gawar ka hana ni. Ita na zo ɗauka."

Ban san abin da ya gani a fuskata ba, amma ya matsa. Na sauka matakalar da jakar a ƙirjina, ɗuminta yana ratsa rigata. Almakashin na bar masa, kyauta na ba shi.

Da na isa gida Inna tana tsakar gida a kan tabarma. Ta kalli jakar, ta kalle ni.

"Kin kashe ɗan'uwanki ke nan."

Na ce, "Zai warke, Inna. Ni ma an ce ba a san idona zai dawo ba."

Na shiga shago na goge teburin. Na zazzage gwangwanin maɓallai na tsinto murafen huɗu, na jera su a inda sawunsu yake har yanzu a jikin katako. Na ɗora ta, na jingina wuyanta, na karkata cajar hagu, na je igiyar shanya na ciro maƙali. Na danna. Ta daɗe fiye da yadda ta saba, har na fara jin tsoro. Sai ta yi tari, ta yi gyaran murya, ta buɗe ido. Manhajar ta buɗe kanta kamar kullum, ta nemi injin, ta fito da ɗan akwatin da ke cewa ba ta same shi ba. Ta sake nema. Na ce mata, "Ba ya nan, Gwaggo. Ni ce kawai."

Auta ya yi gaskiya a abu ɗaya, ba ta da aikin yi a wurina. Duk da haka kowace safiya sai na tashe ta kafin in hau keke, tana gefe tana gurnani ina rage wando. Wayata ta yi ta ƙara a kwanakin farko, sunansa yana fitowa, ban ɗauka ba. Yanzu ta daina. Inna tana cin abincina, muna gaisawa, amma ta daina leƙowa shagon da rana.

Rigar yarinyar kuwa ban bari ta je makaranta da ita haka ba. A ranar da na dawo da Gwaggo, da la'asar, na zauna a bakin taga na zare farin zare, na zura shi a allurar hannu a karo ɗaya, abin da na yi shekaru ban iya ba. Na cike layi biyun nan ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar tana tsaye a kaina tana kallo, ta ce, "Mama, Kawu ne ya ɓata shi?"

Na ciji zaren na miƙa mata rigar. Na ce ta je ta goge ta kafin a ɗauke wuta.